An yi wa ɗana allurar ƙyanda, kuma ya yi ƙyanda: ina amfanin allurar?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambayar. An yi wa ɗanta allurar ƙyanda yana wata tara, amma bana da cutar ta shigo unguwarsu sai ga shi a kwance, yana da shekara uku. Ya tashi, alhamdu lillahi. Abu biyu ne suka ɗaure mata kai. In allurar tana aiki, ta ina cutar ta shige shi? Sannan ma'aikaciyar asibiti ta ce ta raba shi da ƙanwarsa 'yar wata bakwai, ta dakatar da 'yan dubiya, ta riƙa barin taga a buɗe. Ta ce in dai allura ce maganin abin, wannan wahala kuma ta mece ce? Ga maƙwabciyarta da ba ta taɓa kai nata asibiti ba tana yi mata dariya.

Malama, sannu da jinya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Tambayarki ita ce wadda na fi sha a aikin nan, kuma laifin rashin fahimtar ba naku ba ne ku iyaye. Mu ne muke tsira wa yaro allura mu ce "an gama", ba mu tsayawa mu faɗi abin da allurar ta yi alkawari da abin da ba ta yi ba.

Bari in fara da wannan "kashi kaza cikin ɗari" da ake ji a rediyo, domin a nan ake yawan zamewa. Misalin da lissafinsa ya fi fita fili shi ne gwajin allurar korona da kamfanonin Pfizer da BioNTech suka yi a 2020. (Na san sunan Pfizer ba ya daɗin ji a Kano tun gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma mutane suna da hujjar riƙe abin a rai. Lissafin kawai nake so ki duba.) An ɗauki mutum sama da 43,000 aka raba su gida biyu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce aka tsira masa. Aka bar kowa ya ci gaba da harkarsa. Da adadin waɗanda suka kamu ya kai 170 sai aka buɗe rajista: 162 daga cikin 'yan ruwan gishiri ne, 8 daga cikin waɗanda aka yi wa allurar. Wato inda za a samu mutum 162, sai aka samu 8. Daga nan kashi 95 ɗin ya fito. Ki lura, mutum takwas ɗin nan allurar gaske aka yi musu, kuma sun kamu. Tun ranar da aka sanar da sakamakon suna cikin lissafin, ba a ɓoye su ba. Duk allurar da aka ce ingancinta kashi 95 ne, an riga an faɗa miki cewa wasu za su kamu. Abin da aka auna shi ne yawan haɗarin da ta rage idan an kwatanta da wanda bai yi ba.

To mu dawo kan ƙyanda. Allurarta tana cikin mafiya ƙarfi da ake da su, amma ƙarfin ya danganta da watannin yaro ranar da aka yi masa. Idan an yi ta yana wata tara, a cikin yara 100 kusan 85 ne take kamawa. Idan an jira ya shekara, sai ta kama kusan 93. Idan aka yi ta sau biyu, ta kai wajen 97. Dalilin bambancin yana jikinki ne. Tun yaro yana ciki uwa take zuba masa garkuwarta ta mabiyiya, wannan garkuwa ta aro ita ke tsare shi watannin farko, sannan ta riƙa zagwanyewa a hankali. Allurar ƙyanda kuwa ƙwayar cutar ce da ranta, an dai karya lagonta yadda ba za ta iya kwantar da yaro ba, sai ta ɗan motsa a jikinsa ya koyi yaƙi da ita. Idan sauran garkuwar uwa tana nan da yawa ranar allurar, sai ta murƙushe ƙwayar kafin jikin yaron ya koyi komai. An tsira allura, an rubuta a kati, yaro ya yi kuka, amma ba abin da ya zauna. Ba wata alama da za ki gani a waje.

Za ki ce me ya hana a jira ya shekara ɗaya, kamar yadda ake yi a Amurka da Ingila? Saboda a nan cutar tana yawo sosai, kuma jarirai 'yan ƙasa da shekara ta fi kashewa. Jiran wata uku a wurinmu rayuka ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen da ƙyanda ke yawo a fara a wata tara, a yarda da asarar yaran nan 15 cikin 100 na ɗan lokaci, sannan a dawo a kwashe su da allura ta biyu. A Najeriya ta biyun a wata 15 ake yin ta, kuma ba ta daɗe da shiga jadawali ba, wajen 2019 zuwa 2020 ne, don haka iyaye da yawa har gobe suna ɗauka cewa ta wata tara ita ce ta sallama. Kakanni ma haka suka sani. A tambayarki ta wata tara kawai kika ambata. Ki ɗauko katin ki duba layin da ke ƙasa da ita. Ina kyautata zaton za ki same shi fayau.

Akwai hanya ta biyu da allura ke faɗuwa, wadda ba ta da alaƙa da jikin yaro. Allurar ƙyanda gari ce busasshe a ƙasan 'yar kwalba, ana ajiye ta a sanyin da bai gaza digiri 2 ba bai wuce 8 ba, sai an zo yi ake haɗa ta da ruwanta. Da zarar an haɗa, awa 6 gare ta, kuma ba ta son zafi ba ta son hasken rana. A kan kwalbar akwai ɗan tambari, da'ira mai ɗan duhu da farin murabba'i a tsakiya. Zafi yana taɓa ta murabba'in yana duhu, in ya yi duhu kamar da'irar to ta tashi aiki, sai zubarwa. Na taɓa zuwa duba aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a tsakiyar bazara, na tarar da akwatin sanyi a gindin darbejiya da murfi a buɗe, ƙanƙarar ciki ta zama ruwan ɗumi, kwalbar da aka haɗa tun hantsi tana kan tebur ana ta zuƙa har bayan azahar. Iyaye mata suna zaune a kan benci da goyo, kowacce ta taso tun safe, wata ta biya kuɗin mashin. Yaran da aka yi wa da rana tsaka ranar nan, ban da tabbacin abin da aka sa musu. Ba na faɗin wannan don ki zargi ma'aikaciyarku. Yawancinsu suna iya bakin ƙoƙarinsu da firjin da wuta ba ta isarsa. Na faɗa ne don ki san kashi 85 ɗin ma sai komai ya tafi daidai, kuma allura ta biyu tana toshe wannan ɓarakar ita ma, tunda da wuya yaro ya haɗu da lalatacciyar kwalba sau biyu.

Wani abin kuma, ba duk zazzaɓi mai ƙuraje ne ƙyanda ba. Akwai wasu cututtukan da ke kama da ita ƙwarai, har likita ba ya rantsuwa sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji. Amma tunda ta ɓarke a unguwa kuma a asibiti aka gan shi, mu ɗauka ita ce.

Yanzu maƙwabciyarki. Hujjarta ita ce ta ga yaran da aka yi wa allura a kwance, har ma sun fi yawa. Tana iya yiwuwa gaskiya ta gani, fassarar ce ta kuskure. Ɗauki unguwa mai yara 1,000, misali ne kawai nake bayarwa. An yi wa 900 allura sau ɗaya a wata tara, 100 ba a yi musu ba. A cikin 900 ɗin, kashi 15 cikin 100 ba ta kama su ba, yara 135 ke nan. Cuta ta shigo ta kwashe duk wanda ba shi da garkuwa. Wanda ya leƙa ɗakin jinya zai ƙirga masu kati 135, marasa kati 100, ya fito yana cewa allura ce ma ke jawo ta. Waɗanda bai ƙirga ba su ne yara 765 da ke waje suna wasan langa, domin mai lafiya ba ya zuwa asibiti a gan shi. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, a kowane gida nawa aka kwasa? A gidan marasa allura an kwashe kowa, a gidan masu allura an ɗauki ɗaya cikin bakwai. Da an yi wa 900 ɗin nan sau biyu, 135 ɗin da sun koma 27. 'Ya'yan maƙwabciyar taki kuwa, in har yau ba su kwanta ba, bayan 'ya'yanku suke laɓe. Ku da kuka sha layi ku ne katangar da take jingine da ita tana yi muku dariya.

Sai tambayarki ta biyu, ta amfanin raba yara da hana dubiya da buɗe taga, wadda a ganina ta fi ta farkon nauyi.

Kowace cuta mai yaɗuwa tana da adadin mutanen da mai ɗauke da ita ɗaya yake shafa wa idan ya shiga cikin jama'ar da ba su da garkuwa. Murar da ke zuwa kowace shekara ba ta kai mutum biyu ba. Korona a farkon zuwanta tsakanin biyu da uku ce. Ƙyanda 12 zuwa 18. Da wuya a samu ƙwayar cutar da ta kai ta saurin kamu. A iska take tafiya, kuma tana iya rataye a ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. A cikin mutum goma marasa garkuwa da suka zauna kusa da shi, tara za su ɗauka. Annoba tana mutuwa ne kawai ranar da kowane mai cuta ya koma shafa wa ƙasa da mutum ɗaya. To ki yi wannan lissafin da ni, mu ɗauki 15 a tsakiya. A ce an yi wa kowane yaro a gari allurar wata tara, ba a tsallake ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa a ko'ina ba. Kashi 15 cikin 100 sun rage ba garkuwa. Mai cuta ɗaya, maimakon 15, zai shafa wa mutum biyu da ɗoriya. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, wuta ba ta mutu ba. A ce kuma an yi sau biyu ga yara 95 cikin 100, wanda shi ne abin da ake buri. Masu garkuwa sun kai wajen 92, saura 8, mai cuta ɗaya zai shafa wa mutum ɗaya da ɗan kaɗan. An zo bakin gaɓa amma ba a haye ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin da ya rage, shi ne aikin abubuwan da ma'aikaciyar ta lissafa miki.

Ki tuna yadda ake baibayar ɗaki. Ɗauki shuci guda ki ɗaga shi sama, za ki hango rana ta cikinsa, ruwa kuwa wucewa zai yi. Amma mai baibaya yana ɗora wani a kan wani, kowane layi ya rufe bakin na ƙasa da shi, har a kwana ana tafka ruwa ɗaki bai ɗiga ba. Babu layin da ba shi da ƙofa, ƙofofin ne ba sa haɗuwa wuri ɗaya. Allura ita ce layi mafi kauri, nesa ba kusa ba. Tana rage yiwuwar yaro ya kamu idan cutar ta iske shi. Sauran matakan suna rage sau nawa za ta iske shi da kuma yawan abin da zai shaƙa. Kuma ragin ba tarawa ake yi ba, ninkawa yake yi: in wani mataki ya rage rabi, na biyu ya rage rabin abin da ya saura, kwata ne ya rage.

Ƙanwarsa ita ce dalilin farko. Tana wata bakwai, garkuwar da ta aro a wurinki ta kusa ƙarewa, lokacin allurarta bai yi ba. A duk gidan ita ce a fili, kuma irinta cutar ta fi yi wa illa, ta ciwon huhu da gudawa. Allurar yayanta ba ta kare ta tunda shi ne ma ya kawo cutar. Abin da ya rage mata shi ne nisa da iska. Gaskiyar da zan ƙara miki, yaro yana fara yaɗa ƙyanda kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce da jan ido, ya ci gaba har kwana 4 bayan fitowarsu. Kafin a gane, rabin ɓarnar ta wuce. Shi ya sa killacewa ita kaɗai ba ta isa ta tsayar da ƙyanda a gari ba, kuma ba zan yaudare ki in ce tana yi ba. Amma rabin da ya rage ba abin yarwa ba ne. Likitocin da suka bibiyi ƙyanda a Afirka ta Yamma sun lura cewa yaron da ya ɗauka a cikin gida, a wurin ɗan'uwan da suke kwana ɗaki ɗaya, ta fi tsananta masa fiye da wanda ya ɗauko a waje, kuma ana danganta hakan da yawan ƙwayar da ya shaƙa. Ko ba ki hana ta kamuwa ba, kina iya rage mata nauyin abin.

Dubiya kuwa, a nan muke shan wahala da jama'a, domin hana ta yana kama da yanke zumunci. Yaro ya kwanta, kafin la'asar ɗaki ya cika da gwaggo da inna da matan maƙwabta, kusan kowacce da goyo a bayanta, an rufe ƙofa an sauke labule wai kada iska ta mayar da ƙurajen ciki. Ɗakin nan ya zama tukunya. Bayan kwana goma zuwa sha huɗu sai ki ji gida uku sun kwanta, a ce ai lokacinta ne. Iska ba ta mayar da ƙuraje ciki, wanka ma ba ya yi. Taga a buɗe tana fitar da abin da yaro ya tofar ne kafin wani ya shaƙa. Mai son dubiya ta tsaya a tsakar gida ta yi sannu, ta bar goyonta a gida, ladanta yana nan. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisin da ya ce in annoba ta sauka a wata ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kuma kada ya fita, kowa ya san shi, kuma da shi Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham.

Wanke hannu fa? Yana da kyau, ki ci gaba, amma a kan ƙyanda ba shi ne babban layi ba, tunda ta iska take zuwa. Wannan ma wani kuskure ne da muke yi, mu karanto jerin matakai iri ɗaya ga kowace cuta kamar haddar allo. Kowace ƙwaya da ƙofarta. Shan inna ta bayan gida take fita ta shiga ta baki, don haka masai da ruwan sha da sabulu su ne abokan ɗigon rigakafinta. Shawara sauro ke kawo ta. Zazzaɓin Lassa ɓera ne, fitsarinsa da kashinsa a kan hatsin da aka shanya ko aka bari a buɗe, kuma har yanzu babu allurarsa da aka amince a yi wa jama'a, don haka rufe abinci da kariyar ma'aikatan asibiti su ne duk abin da ke hannu.

Shan innar ma darasi ce a kan tambayarki. Mutane sun daɗe suna cewa, wace irin rigakafi ce wannan da ake zuwa ƙofar gida sau ba adadi? Dalilin shi ne ɗigon ba ya kamawa sosai a cikin yaron da ke yawan gudawa ko yake ɗauke da wasu ƙwayoyin a hanjinsa, sai an maimaita an sake maimaitawa. Kuma cutar ɓoyayyiya ce, cikin yara wajen 200 da suka ɗauka ɗaya ne ƙafarsa ke shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau. Saboda haka ba a dogara da ɗigo kaɗai ba. An sa ido a kan duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗibar bayan gidansa a gwada, kuma tun 2011 ake ɗibar ruwan kwata a Kano ana neman ƙwayar a ciki. Akwai kuma layin da ba a gani da ido, wato yardar jama'a. Da ya tsage a 2003 aka dakatar da ɗigon a Kano da wasu jihohin arewa, kafin Kano ta dawo a Yulin 2004 cutar ta riga ta kama hanya, ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20, har Yemen da Indonesiya. Sai da sarakuna da malamai suka shigo aka ɗinke. An ga na ƙarshe mai ɗauke da asalin ƙwayar a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020.

Ebola ta nuna ɗaya gefen. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya da cutar a jikinsa, lokacin babu allura ko ɗaya da aka amince da ita. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu ta rasu. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana zuwa gida gida ana auna zafin jikinsu kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta fita. An yi nasara ba allura saboda Ebola sai da taɓa jiki ko ruwan jiki take kamawa, kuma mai ita ba ya yaɗawa sai ciwo ya bayyana. Gwada wannan dabara kaɗai a kan ƙyanda ɓata lokaci ne. Agana kuwa, wadda tsofaffinmu ke ɗauke da lambarta a dantse, haɗa biyun aka yi. A ƙarshen 1966 a yankin Ogoja, allura ta yi wa wani likita Ba'amurke mai suna William Foege ƙaranci. Maimakon ya bi kowa, sai ya sa aka nemo ƙauyukan da cutar take, ya yi wa mutanen da ke kewaye da masu ciwon da na wuraren da suke zuwa, cutar ta rasa inda za ta taka. Wannan dabara ce aka yaɗa har aka ayyana ƙarewar agana a duniya a 1980.

A korona ne muka fi yin ɓarna da bakinmu, ni dai haka nake gani. Kashi 95 ɗin da na ba ki an auna shi ne a kan nau'in farko, cikin 'yan watanni bayan allura. Sai aka bar jama'a suka fahimci cewa wanda ya yi ba zai ƙara kamuwa ba. Da sabon nau'in da ake kira Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, ga kuma garkuwar tana raguwa da watanni, masu allura suka riƙa kamuwa, mutane suka ce an yi musu ƙarya. Alhali kariyar da take bayarwa daga kwanciya asibiti da mutuwa ta daɗe fiye da kariyar kamuwa. Hana kamuwa daban, hana tsanani daban, hana yaɗawa daban, kowanne da adadinsa. Ƙyanda dai ta fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska: nau'inta bai sauya yadda zai kuɓuce wa allura ba tun da aka fara yin ta a 1963, kuma wanda allurar ta kama shi, galibi kariyar tana tare da shi har tsufa.

Ba mamaki kuma da bana a rani ta same ku. A Nijar masu bincike sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga hasken yana ƙaruwa bayan girbi lokacin da 'yan ci-rani ke cika gari, ƙyanda kuma tana tashi tare da shi, ta lafa idan damina ta mayar da mutane gona. Cunkoso ne abincinta. Wanda yake da yaron da ya tsallake allura, kafin kaka ta wuce ya kamata ya kai shi.

Ga abin da ke gabanki yanzu. Shi mai jinyar ya gama da ƙyanda, ba ta dawowa, amma tana barin jiki a raunane. Tana goge wani ɓangare na abin da garkuwar yaro ta riga ta haddace game da wasu cututtukan, sai ki ga watanni bayan ya tashi yana ta ƙananan ciwuka. Ki tabbata an ba shi bitamin A sau biyu, rana ɗaya da washegarinta, domin yana rage mutuwa kuma yana kare ido. Kada a ɗiga masa komai a ido in ba daga asibiti ba. Ki ba shi abinci sosai, ƙwai da wake da kifi da ganye, ba abin da ƙyanda ta haramta masa. In kika ga numfashi yana sauri ko haƙarƙari yana shiga ciki, ko ido ya yi fari-fari, ko kunne yana ruwa, ko gudawa ta ƙi tsayawa, kada ki kwana da shi a gida.

Ƙanwar kuma ki kai ta asibiti ki faɗa musu ranar da ƙurajen yayanta suka fito. Idan annoba ta ɓarke ana iya yi wa jariri allurar tun daga wata shida, kuma in an yi ta cikin kwana 3 da haɗuwa da mai cutar tana iya tarewa. Ko kwanakin sun wuce, su za su duba su yanke. In an yi mata yanzu, wannan ƙari ce, ba ta shiga lissafi, za ki mayar da ita a wata tara, ki sake mayarwa a wata 15. Ki sa mata ido har mako uku daga ranar ƙarshe da suka kwana ɗaki ɗaya, zazzaɓi ko tari ko jan ido ya bayyana, ki sanar da ma'aikaciyar tun daga bakin ƙofa kafin ki zauna a benci cikin masu goyo. Ki haɗa da katunan yayyensu duka a jaka. Duk wanda layinsa na biyu yake fayau a yi masa, ko ya shekara biyar, ba a sake farawa daga farko.